Kifin Da Sai An Auna Shi Kamar Yadi

Yau kan kifi zan yi magana, kuma na san wani zai ce me ya haɗa ɗan mai sayar da yadi a Agege da kifi, kifin ma na Amurka. To akwai dalili. Wani ɗan wan babanmu da ke tuƙin tasi a Baltimore ne abokan aikinsa suka ɗauke shi zuwa bakin teku kamun kifi da fatsa. Allah ya ba shi sa'a ya ja wani ƙato, aka kawo abin awo aka auna, inci 36, wato yadi guda cif, sai aka ce masa ya wuce ƙa'ida, dole ya mayar da shi ruwa. Da labarin ya iso majalisarmu, dariya aka yi ta yi, wai ka yanki lasisi da kuɗinka, ka sha rana, ka kama rabonka, sannan a ce ka jefar. Ni dai ina ganin dokar nan tana da hankali, kodayake akwai inda ni ma ba na tare da Amurkawan.

Kifin shi ne wanda suke kira striped bass, ni kuwa bari in kira shi mai ratsi, domin yana da ratsi baƙaƙe bakwai ko takwas daga kai har wutsiya. A ruwan gishiri yake rayuwa, amma idan lokacin ƙwai ya yi, wajen Afrilu da Mayu, sai ya haura koguna ya zuba a ruwan daɗi. Mafi yawansa daga yankin Chesapeake yake fitowa, sai kogin Hudson da na Delaware. Yana iya kai shekara 30 a duniya, kuma wajen girma kusan giwan ruwa ne a wurinsu. A 2011 wani mutum mai suna Greg Myerson ya kama wanda ya haura fam 81, kimanin kilo 37, a gaɓar Connecticut.

Abin da 'yan majalisarmu ba su sani ba shi ne, mutanen nan sun taɓa ganin ƙarshen kifin da idonsu. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka yi ta kwasarsa har ya kusa ƙarewa. A 1984 majalisar ƙasar ta yi doka musamman dominsa, a 1985 kuma jihar Maryland ta hana kama shi kwata-kwata, ba a sake buɗewa ba sai 1990. Ka duba fa mai karatu, shekara biyar, a jihar da wannan kifi ne abin taƙamarta, da masunta da masu jiragen haya da masu gidajen abinci duk suka haƙura. Zuwa 1995 aka ce ya farfaɗo. Da aka ga yalwa sai aka sake sakin jiki, a 2019 aka sake cewa kamun ya yi yawa, shi ya sa a 2023 aka yi dokar gaggawa cewa kifi ɗayan da mai kamun nishaɗi a teku ke ɗauka a rana sai wanda ya faɗa tsakanin inci 28 da 31.

To me ya sa za a hana ɗaukar babba? Duk wanda ya tashi a gidan kasuwanci ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan nan kusan duk mata ne, kuma babba ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi, ninkin ba ninkin abin da ƙarama za ta zuba. Ita ce uwar kuɗi. Ƙanana kuwa ba su kai ga haihuwa ba tukuna, su ne kayan da ke kan hanya. Babanmu ya sha nuna mana shagunan da aka rufe a layinmu, ba don babu ciniki ba, sai don mai shagon ya ci riba ya haɗa da uwa. Ɗan uwanmu uwar kuɗi ya kama, aka ce ya mayar, ni ban ga abin dariya a nan ba.

Inda muka rabu da su shi ne wannan ɗabi'a ta kama kifi a sake shi don jin daɗi kawai. Mutum zai wuni yana soka wa kifi ƙugiya a baki, ya ja shi har ya galabaita, ya ɗaga shi a yi hoto, ya jefa, ya sake jefa fatsa, ya koma gida yana ganin shi mai tausayi ne. Su kansu masu lura da kifin lissafinsu shi ne cikin kowane 100 da aka saki, 9 mutuwa suke yi. A ƙididdigar 2017, waɗanda suka mutu bayan an sake su sun fi waɗanda masu nishaɗin suka kai gida yawa. Yi lissafin da kanka, wanda ya kama 20 ya saki duka ya kashe kusan biyu, ba a ci ba, ba a sayar ba, shi kuwa wanda ya kama ɗaya ya naɗe fatsarsa ya tafi ya soya wa iyali ɗaya ya kashe. Daga 2021 sun wajabta wata ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ga mai amfani da koto, don ta maƙale a gefen baki maimakon kifin ya haɗiye ta. Dabara ce mai kyau, amma ni da a ce ana tambayata, cewa zan yi idan ka samu naka ka tashi. A tarbiyyar da aka yi mana ba a wasa da rai, ko na kiyashi ne.

Wani abin da ya ba ni haushi a majalisar shi ne da aka ce wannan tsirfa ce ta Turawa. Ina! A Argungu ai ba a taɓa wurin da ake gasar su a Matan Fada sai ranar biki, kuma shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa. Sarkin ruwa ya san hutun kifi tun ba yau ba.

Nan Ikko kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa Badagry ko Epe da sassafe lokacin da kwale-kwale ke dawowa ya ga abin da ake juyewa, 'yan ƙananan kifaye kamar yatsa, waɗanda aka kwaso da raga mai ƙananan idanu. Ga teku a ƙofar gida, amma Titus ɗin da ake soya mana a layi daga ƙasashen waje ake kawo shi a ƙanƙare. Sai dai ba zan yarda a kawo wa masuncin Badagry abin awo ba tukuna. Shi Ba'amurke nishaɗi ya kai shi ruwa, idan ya saki kifi akwai abinci a gida, shi kuwa wannan idan ya saki yaransa ne za su kwana haka. Akwai doka tun 1992 da ta hana manyan jiragen kamun kifi jan raga cikin mil biyar daga gaɓa, an bar wurin don masu kwale-kwale, amma har yanzu masuntan na kukan cewa jiragen na shigowa da dare su kwashe kifi su kuma yayyaga musu raga. Da waɗannan ya kamata a fara, domin jan raga ɗaya na jirgi ya fi abin da kwale-kwale zai tara a kwanaki.