Tambayi batir kafin ka biya

Akwai motar da ba ta shan mai, sai wutar lantarki. Kamfanin Nissan na Japan ya fitar da tashi, mai suna Leaf, a 2010. Yau na farkon sun tsufa, ana saida su da araha. To, a yi hattara.

Abin da ya fi tsada a jikinta shi ne batir. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160.000. Bayan nan, in ya gaji, kai ne mai biya, kuma sabo yana iya fin kuɗin tsohuwar motar. Zafi ma yana cin sa. A 2012 masu Leaf a Arizona ta Amurka sun koka da haka. Mu kuwa a Madawa, Buza da Keita, zafin Afrilu yana wuce digiri 40.

Kana iya cewa: ina ruwana da mota? Da ruwanka, don batirin solarka haka yake. Ni ma na sayi tsoho a kasuwa. Wata 3 ya yi, ajinmu na dare ya koma duhu, kuɗin albasata sun tafi.

Saboda haka, tambayi shekarunsa, a gwada shi gabanka, ka san kuɗin sabo. Aje shi a inuwa, kada ka bari wutarsa ta ƙare ƙaf. In ya mutu, hana yara fasa shi, akwai dalma da asid ciki. Araha ba ta ado.