Almakashin wa ya taɓa fim ɗin da muka kalla?

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka yi ƙuruciya a gidajen kallon bidiyo na Diffa, ko Maine-Soroa, ko Gigimi, to ba sai an gabatar maka da Sholay ba. Ka san Gabbar Singh, ɗan fashin da iyaye mata ke tsorata yara da sunansa. Ka san Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Ka kuma san yadda labarin ya ƙare: Thakur, tsohon ɗan sandan nan da Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannuwa biyu, ya tattake maƙiyinsa da takalmi mai ƙusoshi, yana dab da raba shi da duniya sai ga ƴan sanda, suka tuna masa da doka, suka tafi da mai laifi.

To, ba haka mai fim ɗin ya ƙare shi ba.

Ramesh Sippy ya shirya ne Thakur ya kashe Gabbar, sannan ya durƙushe yana kuka. Amma fim ɗin ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, makonni kaɗan bayan Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a Indiya, kuma hukumar tace fina-finai ta ce ba za a nuna wa jama'a tsohon jami'in gwamnati yana yanke hukunci da ƙafarsa ba. Aka tilasta wa Sippy ya sake ɗaukar ƙarshen. Cikakken fim ɗin minti 204 ne, wanda aka saki minti 198. Sai a 1990 cikakken ya fito a kaset a Ingila, kuma a watan Yunin 2025, shekara hamsin bayan fitowarsa, aka nuna shi a gyare a birnin Bologna na Italiya. Minti shida kacal, amma su ne suka raba labarin fansa da labarin shari'a.

Tun da wannan zance ya bazu, na ji masu cewa ai kullum dogon shi ne na gaskiya, gajeren kuwa ha'inci ne. Ban yarda ba. Kafin a yi hukunci sai an tambaya: hannun wa ke riƙe da almakashin?

Akwai yankan mai aikin da kansa, kuma wannan ba laifi ba ne, shi ne ma sana'ar. Tela ba ya ba ka yadi goma ɗungurum ya ce ga riga. Cabascabo na Oumarou Ganda, labarin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin ya ƙarar da dukiyarsa a Yamai, bai kai awa ɗaya ba, kuma ban taɓa jin wanda ya kalle shi ya ce an rage masa wani abu ba. Da yawa daga cikin abin da ake tallatawa da sunan “cikakke” ragowar yadin da tela ya zubar ne aka tsinto aka liƙa, don a sayar maka da riga ɗaya sau biyu.

Akwai kuma yankan ɗan kasuwa, wanda mu mutanen bakin Komadugu muka fi kowa sani, ko da ba mu san sunansa ba. Kaset ɗin da ake shigo da su daga Maiduguri ta hanyar Damasak galibi na awa uku ne, wato minti 180. Ta yaya fim mai minti 198 zai shiga ciki? Sai mai kwafi ya datse waƙa biyu, ko ya haɗiye wani zance, wani sa'in ma kaset ya ƙare ana tsakiyar faɗa. Da faifan sidi ya zo, wanda bai wuce ɗaukar minti tamanin ba, sai fim ya rabu gida uku, na tsakiya ya ɓace a hanya, mai gidan kallo ya sa na farko da na ƙarshe, yara su cike giɓin da baki. Yau ma da ake tura fim a waya a rumfunan caji, ba a daina ba. Ana matse shi don ya shiga katin ajiya. Na taɓa biyan kuɗin fim a wata rumfa, sai a gida na tarar ba ya da ƙarshe. Da na koma, amsar da na samu ita ce haka aka kawo shi.

Abin dariya, ɗan kasuwar nan da ke yankewa shi ne kuma ke ja. Tun bayan Turmin Danya a 1990, masana'antar Kano ta gano cewa labarin awa biyu in aka raba shi kashi na ɗaya, na biyu da na uku, kuɗi uku ne. Sai ka ga mota tana fita daga gida ana nuna ta har ta sha kwana, ana gaisuwa sai an tambayi lafiyar kowa da kowa. Duk mai sayar da tattasai a kasuwar Diffa ya san sunan wannan aiki in an yi shi a buhu.

Amma yankan da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na hukuma. A shekarar da aka sauya ƙarshen Sholay, gwamnatin Senghor a Senegal ta datse wurare da dama a Xala na Sembene Ousmane, fim ɗin da ke yi wa sababbin attajiran bayan mulkin mallaka ba'a. Abin da Sembene ya yi ya cancanci a tuna: ya raba wa mutane takardu masu bayanin abin da aka cire, don mai kallo ya san inda aka yi masa gibi. A Kano an kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma da yake mafi yawan finafinan Hausa da muke kallo daga can suke fitowa, almakashinta na isowa har Bosso, alhali ba mu zaɓi kowa a cikinta ba.

A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ni ƙarshen da hukumar Indiya ta tilasta ya fi kwanta mini. Mutanen wannan kwari ba baƙin tambayar Thakur ba ne. Tun hare-haren Bosso da Diffa na Fabrairun 2015, akwai gidaje da yawa da suka san wanda ya kashe musu ɗa ko ya ƙona musu gona. Da gwamnati ta yi shelar karɓar tubabbun Boko Haram a Disambar 2016, aka kai su cibiyar Gudumariya, tambayar da aka yi ta yi a majalisun hira ita ce ta Thakur: a bar wa hukuma, ko a rama? Ina tare da masu cewa a bar wa shari'a, domin fansa ba ta san inda za ta tsaya ba. Sai dai kuma ƙarshen Sippy bai yabi fansa ba. Ya nuna mutumin da ya sami abin da ya shekara yana nema, ya tarar bai dawo masa da ko mutum ɗaya ba. Hukumar da ta ji tsoron kisan ta haɗa da kukan ta yanke, ta hana masu kallo darasin da ya fi nata ƙarfi. Ga shi kuma ba ta gaya wa kowa ta yanke ba.

Wannan ɓoyewar ita ce ta dame ni, fiye da yankan. Ma'aikacin gwamnati ya san bambancin rahoton da aka taƙaita aka rubuta “taƙaitawa” a kansa, da wanda aka zare wa shafi biyu aka miƙa a matsayin cikakke. Na farko sauƙaƙawa ne, na biyu kuwa yana iya kai mutum gaban alƙali. Ɗan kasuwa ma ya san mudun da aka bubbuge wa gindi.

Saboda haka buƙatata ƙarama ce. Duk hukumar da ta cire wani abu daga fim, a Yamai ne ko a Kano, ta rubuta a farkonsa minti nawa ta cire da dalilinta, ta bar cikakken a ajiye inda mai bincike zai same shi. Tashar talabijin da ta rage fim don ya shiga tsakanin labarai da sanarwa, ta faɗa. Mai rumfar caji kuwa, kafin ya karɓi kuɗina, ya duba wayarsa ya gaya mini ko minti 204 zai tura mini ko 198, ko kuwa wancan na kaset mai 180.