Sabo Turken Wawa: Idon Oga Ma Yana Ƙarya

Jama'a, yau a yi mini afuwa, ba ci gaban labari na kawo ba, faɗa na zo yi. Kuma da manya zan yi shi, wato ogannin da ke koyar da aiki a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, da 'yan uwansu kociyoyin ƙwallo masu hura usur a filayen unguwannin da ke kewaye da waɗannan kamfanoni in la'asar ta yi sanyi. Cuta ɗaya ke damun su duka. Kowanne zai bugi ƙirji ya ce maka, "Ni kallo ɗaya nake yi wa yaro in san ko zai iya ko ba zai iya ba." In ka ja da shi sai ya jefo maka karin magana, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To ni na ce wannan kallo ɗaya ya toshe wa yaran Kano hanyar abinci fiye da yadda ake zato.

Kada wani ya ce na raina gwaninta. Tsohon majemi a Challawa in ya shafa fatar jar akuyar Sakkwato, kafin ka ƙifta ido zai gaya maka ko wuƙar mahauci ta illata ta wajen fiɗa, ko gishiri bai ratsa ta ba, ko ta isa a fitar da ita Italiya. Tsohon makanike kuwa daga ƙarar inji yake gane inda ƙusa ta kwance. Amma ta yaya suka sami wannan ido? Dubban fatu suka taɓa, kuma duk wadda suka yi wa hukuncin kuskure ba ta daɗewa take tona musu asiri, ta fito daga ganga a yage ko a dabbare. Inji ma in ka cuce shi nan take zai tsaya. Aikin da kansa yake yi musu gyara kullum.

To yaro fa, wa ke yi wa oga gyara a kansa? Wanda ya kora a satin farko ya tafi ke nan, ba zai sake jin ɗuriyarsa ba, balle ya san ko ya zama gwani a wani wuri, ko ya ƙare a tuƙin adaidaita-sahu, ko ya faɗa daba. Wanda ya kwanta masa a rai kuwa shi zai ja a jiki, ya nuna masa sirrin inji, in ya yi ɓarna a ce ƙuruciya ce. Bayan shekara biyu yaro ya iya, sai oga ya wangale baki yana cewa, "Ban gaya muku ba?" Haba Oga! Kai ka shuka, kai ka yi ban-ruwa, wancan ka hana shi ko ɗigo har ya bushe, sannan ka ce dama irinsa ne marar kyau?

Ba ni na ƙirƙiri wannan zance ba. A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka wallafa gwajin da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya. Sun ba malamai sunayen kusan kashi ɗaya cikin biyar na yaran, suka ce jarrabawa ta nuna waɗannan za su yi fice a shekarar. Alhali canki-canka aka yi wajen zaɓen sunayen. Da shekara ta ƙare, yaran nan, musamman na aji ɗaya da na aji biyu, sun fi sauran ci gaba. Zaton da aka dasa a zuciyar malami shi ya bi ta fuskarsa da haƙurinsa ya isa ga yaro.

Shin me oga yake gani in sabon yaro ya tsaya a gabansa? Abin da ya riga ya sani yake gani. In an ce almajiri ne bai yi boko ba, shi ke nan, shara da dakon buhu har abada. In ɗan birni ne, wai rago ne, ba zai jure aikin dare ba. In daga unguwa kaza ya fito, tun kafin ya yi sallama an ɗaura masa sata. In kuwa ƙanin wani tsohon yaronsa ne mai ƙwazo, to ya ci jarrabawa tun bai riƙe sifana ba.

Wani zai ce ai wannan halin jahilai ne, gwani ba ya haka. Ga naku. A 2013 masu bincike a birnin Boston suka ba likitoci 24, ƙwararru a karanta hoton huhu, hotuna su nemo ƙananan ƙulutai na cutar daji. A cikin hoto na ƙarshe aka saka surar goggon biri wadda ta ninka ƙulutun sau 48. Likita 20 ba su gan shi ba, kuma na'urar da ke bin ƙwayar ido ta nuna yawancinsu sun kalli daidai wurin. Ido abin da aka aike shi nema yake kawowa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, duniyar da ogannin nan suka koyi aiki a cikinta ta wuce. Da yawansu sun taso ne a shekarun 1970 da 1980, lokacin da masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya ke ɗaukar ma'aikata. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, zuwa rashin wutar lantarki, zuwa atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari, kamfanoni da dama sun rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Waɗanda suka tsira, na roba da na fata da na abinci, sababbin injinan da suke sayowa da allon kwamfuta suke zuwa. Yaron da ya yi shekara uku yana gyaran waya a Farm Centre yana iya karanta wannan allo kafin oga ya gama neman tabarau, amma da yake ba shi da damtsen ɗaga dila, sai a ce ba ya da amfani.

Ku kuma kociyoyi kada ku yi dariya, naku ya fi muni. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, ita ce dokarku, sai dogo mai faɗin ƙirji. Jamie Vardy yana ɗan shekara 16 ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi, ana ganin ya yi ƙanƙanta. Aikin masana'anta ya koma yana buga ƙwallo a ƙaramar ƙungiya. A 2016 shi ne ya ja Leicester ta ci gasar Firimiya ta Ingila, shekarar da namu Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya je ya same shi a can. Vardy nawa kuka bari suna tsinto ƙwallo a bayan raga?

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. A ba kowane yaro wata uku cikakku, a zagaya da shi sassan aiki, kafin a yanke masa hukunci. Mutum biyu su auna shi, kowanne shi kaɗai, kada ɗaya ya ji ta bakin ɗaya. A tambaye shi abin da ya iya kafin a tambaye shi ɗan gidan wa ne. Sannan oga ya sayi littafi, ya rubuta hukuncinsa a ranar farko da sunan yaro, har da waɗanda ya kora, bayan shekara ya bincika inda kowa ya kai. Wanda ya yarda da idonsa bai kamata ya ji tsoron wannan littafi ba.

Guraben aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun yi kaɗan, masu nema sun cika bakin get, kuma bayan kowannensu akwai uwa mai jiran cefane. Ya kai Oga, ya kai Koci, ilimin da ke kanka amana ne, ranar gobe za a tambaye ka wa ka ba, wa ka hana, kuma don me. Mai ja ya ja, fili a buɗe yake.

Allah Ya sa mu gyara. Wassalam.