Ofis ɗaya, data biyar: Lokaci ya yi da ƙananan ofisoshi za su haɗa kwamfutocinsu

Duk wanda ya saba shiga ƙananan ofisoshi a garuruwanmu ya san wannan yanayi. Ko makarantar kuɗi ce, ko asibitin unguwa, ko ofishin lauya, ko kamfanin shirya tafiyar Hajji da Umara, abin kusan iri ɗaya ne. Kwamfuta huɗu ko biyar, firinta ɗaya tak a teburin sakatare. Mai son buga takarda sai ya kwafa a filash, ya tashi ya je ya tsaya a kan sakatare. Idan sakataren ya kulle kwamfutarsa ya tafi salla, aiki ya tsaya sai ya dawo. Intanet kuwa kowa da nasa: wannan ya kunna na wayarsa, wancan ya zo da 'yar na'urarsa ta aljihu, ƙarshen wata kowa ya kawo wa oga lissafin data.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin tsimi. A ganinmu asara ce da ake yi kullum, ba a dai zauna an lissafa ta ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, sayen data ƙanana-ƙanana har sau biyar a ofis ɗaya ya zama almubazzaranci, domin kowa ya san wanda ya sayi babban kunshi ya fi samun rangwame a kan kowace giga. Ga ɓata lokacin ma'aikata, ga kuma filash ɗin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wanda tsohuwar hanya ce ta yaɗa cutar kwamfuta. Filash ɗaya da ya kwana a shagon buga takardu na bakin titi ya isa ya harbi ofis gaba ɗaya.

Maganin ba wani abu ne mai wahala ba. Shi ne a haɗa kwamfutocin ofis da firinta a kan hanyar sadarwa ɗaya ta cikin gida, wadda masu sana'ar ke kira netwok, su sha intanet daga mashaya ɗaya. Amma muna da sharaɗi: a yi shi da tsari, domin haɗin da aka yi da ka ya fi zaman da ake yi yanzu hatsari.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba

Uwar tafiyar ita ce rauta, ƙaramin akwatin da ke karɓar intanet daga waje ya rarraba wa na'urorin ofis. Intanet ɗin na iya zuwa ta layin waya da ake sa wa rautar, ko ta wayar faiba a unguwannin da ta isa, ko ta tauraron ɗan Adam irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Galibin rautoci na da kafofi huɗu a baya da ake cusa waya. Idan na'urorin sun fi haka yawa, sai a ƙara wani akwatin da ake kira suwic, mai kafa takwas ko goma sha shida.

Shawararmu ita ce duk abin da ba ya motsi a ja masa waya. Kwamfutar tebur da firinta ba sa zuwa ko'ina, don haka babu dalilin ɗora su a kan waifai. Wayar sadarwa samfurin Cat5e ko Cat6 tana kai saƙo har tsawon mita 100 ba tare da rauni ba, kuma ba ruwanta da kaurin bango. A bar waifai ga kwamfutar tafi-da-gidanka da wayoyin hannu. Shi ma waifai ɗin zango biyu gare shi: na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango amma ya fi cunkoso, na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa. Firintoci da yawa na farkon kaɗai suke ganewa, abin da ke sa wasu su yi ta zargin sabuwar firinta alhali lafiyarta ƙalau.

Wurin ajiye rauta ma abin lura ne. A ɗora ta a sama, a tsakiyar ofis, inda iska ke kaɗawa. Wanda ya kulle ta a cikin durowar ƙarfe don tsoron ɓarayi ya kulle sabis ɗin tare da ita, ga zafin bazara da zai dafa ta.

Firinta, inda rigima ta fi yawa

Hanya biyu ce ake raba firinta. Ta farko, a jona ta da kwamfuta ɗaya, sannan a buɗe wa sauran ta cikin Windows. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma dole kwamfutar nan ta kasance a kunne a kowane lokaci, wato dai an koma wa matsalar sakatare ta wata ƙofar. Ta biyu, wadda muka fi goyon baya, ita ce firintar da ke da kafar netwok ta kanta, a jona ta kai tsaye da rauta ko suwic, kowa ya aika mata aiki daga mazauninsa. Duk mai shirin sayen sabuwar firinta ya duba bayanta ya tabbatar da wannan kafa kafin ya biya kuɗi.

Akwai wata matsala da ta fi damun irin wurarenmu da ake yawan ɗauke wuta. Rauta tana ba kowace na'ura lambar adireshi, kuma idan aka kashe aka kunna tana iya sauya lambobin. Sai a wayi gari kwamfutoci na neman firinta a tsohon adireshinta, ita kuwa ta koma wani. Nan take a ce firinta ta lalace, a kira mai gyara, a biya shi. Gyaran na minti biyar ne: a shiga saitin rauta a keɓe wa firinta adireshi ɗaya na dindindin. Duk ma'aikacin da ya haɗa maka netwok bai yi wannan ba, bai gama aikinsa ba.

Batun wuta kuwa, rauta ba ta da ci. Abin da take ja bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, kuma akwai ƙananan batura da ke riƙe ta na sa'o'i. Firintar leza ce mai haɗama, domin sai ta ɗumama kafin ta manna hoda a takarda, tana jan ɗaruruwan wat a lokacin. Kada a ɗora ta a kan ƙaramin UPS ɗaya da kwamfutoci, kuma mai amfani da inbata ko sola ya yi lissafinta tun farko.

Sai bango ya tsage

A nan ne gargaɗinmu ya fi ƙarfi. Idan ka haɗa kwamfutoci biyar, ka mayar da ɗakuna biyar gida ɗaya mai ƙofa ɗaya. Wanda ya samu shiga ƙofar ya samu kowane ɗaki.

Rautoci da yawa na zuwa da kalmar sirrin da kamfani ya sa musu, wadda ke rubuce a jikinsu ko a intanet, kuma sau da yawa ba a canzawa. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi irin waɗannan kalmomi ta mamaye dubban rautoci da kyamarorin tsaro a duniya, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix. A watan Mayun 2017 kuma, wata mai suna WannaCry ta bi ta hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil a tsakaninsu, ta kulle bayanai a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Kwamfutocin da ta kama su ne waɗanda ba a sabunta ba, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar.

Darasin a fili yake. Kalmar sirri biyu ce a rauta, ta shiga waifai da ta shiga saiti, kuma dukkansu sai an canza su ranar farko. Lambar wayar oga ko sunan kamfani da 123 a ƙarshe ba kalmar sirri ba ce. A zaɓi tsarin kariya na WPA2 ko WPA3. Baƙi da abokan ciniki a buɗe musu waifai na baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, su samu intanet ba tare da sun ga kwamfutocin ofis ba. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a canza kalmar, ko da an rabu lafiya. A kuma tuna Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ga shi kuwa har yanzu shi ne a kan kwamfutocin ofisoshi da dama.

Idan an buɗe jakar fayil ta bai ɗaya, a yi mata iyaka. Babu dalilin da zai sa mai karɓar baƙi ya iya buɗe takardar albashi ko fayil ɗin mara lafiya. Sannan duk mako a kwafe muhimman bayanai a wata ma'ajiya, a cire ta a adana a wani wuri. Ma'ajiyar da aka bari a jone, duk abin da ya ci kwamfuta zai ci ta.

Wannan ya wuce shawara, doka ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Makarantar da ke ajiye sunaye da hotunan yara, asibitin da ke riƙe sakamakon gwaji, kamfanin tafiye-tafiye da ke da kwafin fasfo da lambar NIN ta ɗaruruwan maniyyata, duk amanar mutane ce a hannunsu. Ko babu tara, wanda fasfonsa ya faɗa hannun 'yan damfara ta sakacin ofishinka ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa wasu.

Masu ja da baya suna da hujja

Akwai masu cewa idan kowa na da datarsa, in layi ɗaya ya ɗauke wani na aiki, amma in an dogara da rauta ɗaya, ranar da ta tsaya kowa ya tsaya. Gaskiya ne, kuma mun gani a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wani hali. Amsar ita ce a ajiye layi na biyu na wani kamfanin daban don irin wannan rana. Kuma a sani, netwok na cikin gida ba ya mutuwa don intanet ya ɗauke. Ko a irin yanayin da Zamfara ta shiga a watan Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa, ofishin da ya haɗa na'urorinsa zai ci gaba da buga takardu da musayar fayil a tsakanin ma'aikatansa.

Wasu kuma na tsoron ma'aikata za su cinye datar a kallon bidiyo. Wannan ma yana faruwa. Sai dai rauta na nuna na'urorin da ke jone da ita, da yawa kuma suna ba da damar rage wa wata na'ura gudu ko cire ta. Abin da ya rage shi ne oga ya kafa ƙa'ida a fili, shi ma ya bi ta.

Kiranmu

Ga masu ofisoshi, a naɗa mutum ɗaya da zai kula da netwok, a kuma buɗe littafi a rubuta komai: wace waya ce ta tafi wane tebur, mene ne adireshin firinta, yaushe data ke ƙarewa. Kayan kowa da kowa ba shi da mai kula. A guji wayar sadarwa ta bogi don arha, domin araha ba ta ado, kuma a sa na'urar kare kaya daga hawan wuta kafin damina ta kankama.

Ga matasanmu masu wannan sana'a, ku riƙe amana. Ɗabi'ar haɗa wa mutum netwok a tafi da kalmar sirrin saiti don dole ya sake kira ba dabara ba ce, cin amana ce, kuma ita ke sa masu ofisoshi ɗari-ɗari da ku. Ku miƙa komai a rubuce, ku koya wa wani a ofishin abubuwan yau da kullum. Aiki mai kyau shi zai kawo muku wani.

Ga hukumomi irin su NITDA da SMEDAN da NDPC, muna kira da su fitar da jagora mai sauƙi cikin Hausa da sauran harsunanmu, su kai shi ga ƙungiyoyin masu makarantu da asibitoci da 'yan kasuwa. Ana ta maganar tattalin arzikin zamani a manyan taruka a Abuja, amma inda za a gane ko ya iso shi ne ofis mai ɗaki biyu a Fagge ko Tudun Wada, ranar da malamar makaranta za ta buga sakamakon ɗalibanta daga teburinta ba tare da ta jira kowa ba, kuma ba tare da sakamakon ya faɗa hannun wanda bai kamata ba.