Situdiyo ya shigo burauza, amma kada Birnin Gwari ta ajiye muryarta a ɗakin aro

1/ Yau ina so mu yi maganar manhajojin haɗa waƙa da fodkas ta intanet, irin su BandLab da Soundtrap da Riverside. Ra'ayina: matasan Birnin Gwari sun fi na Kano da Abuja buƙatarsu, kuma su ne ya kamata su fi kowa taka-tsantsan da su. Ku biyo ni 🧵

2/ Ga wanda bai sani ba: da, in kana son naɗar waƙa dole sai ka taka zuwa situdiyo. Yanzu kuwa Chrome kawai za ka buɗe, ka tarar da teburin haɗa sauti a gabanka. Ka ɗora murya daga Randagi, mai kiɗa ya ɗora nasa daga Kano, mai gyara ya tace daga Zariya, duk a kan aiki ɗaya.

3/ BandLab kamfanin Singafo ne, an kafa shi a 2015, kuma kyauta za ka fara aiki da shi a waya ko kwamfuta. Soundtrap daga Suwidin yake, tun 2012. Riverside shi ya fi karkata ga hira da fodkas: kowa yana garinsu, amma a ji ku kamar ɗaki ɗaya kuke.

4/ To me ya haɗa wannan da Birnin Gwari? Hanya. Duk wanda ya san titin Kaduna ta Buruku da Udawa ya san an yi shekaru direba ba ya bin sa sai da addu'a, wani lokacin sai da rakiyar jami'an tsaro. Yaro mai baiwar waƙa ba zai sa ransa a haɗari don naɗar minti uku ba.

5/ Kuma ba waƙa kaɗai ba. Wa yake ba da labarinmu? A watan Mayun 2018 aka kai hari Gwaska, aka kashe mutane da dama. Duniya ta ji adadi, ta wuce. Amma muryar manomin da ya bar gonarsa, da matar da ta yi gudun hijira da goyo, wa ya naɗa ya ajiye?

6/ A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari kan batun sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe karar shanu bayan shekaru tana rufe. Wasu sun yi murna, wasu har yau zuciyarsu ba ta kwanta ba. Duka biyun tarihi ne, kuma dattawan da suka san dajin Kamuku kafin ya zama mafakar ɓarayi ba za su dawwama ba.

7/ Akwai dabarar Riverside da ta dace da mu: yana naɗar muryar kowa a kan na'urarsa ne, sannan ya riƙa turawa sannu a hankali. Ko sabis yana rawa, hirar ba ta fita a kakkarye. A wurin da sanda ɗaya ce ke leƙowa a waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

8/ Yanzu ga inda nake cewa a bi a hankali. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda tsaro, har da Birnin Gwari. Kusan wata biyu aka yi. Wanda duk aikinsa ke cikin burauza, tamkar an kulle masa situdiyo an tafi da makulli ne.

9/ Na biyu, kamfanonin nan kasuwanci suke yi fa. Spotify ya sayi Soundtrap a 2017, ya mayar wa waɗanda suka kafa shi a 2023. Ya sayi Anchor a 2019, manhajar da dubban mutane suka fara fodkas da ita kyauta, sai ga shi a 2024 ya cire kayan naɗa da gyaran sautin. Ba wanda ya nemi shawarar ɗan Kuyello.

10/ Na uku, kuɗi. "Kyauta" ɗin iyakarta ƙofa. In kana son ƙarin lokaci ko kayan aiki masu kyau, sai biyan wata-wata da dala, alhali a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ga data: sauti mai inganci na WAV yana cin kusan MB 10 a minti ɗaya. Hirar awa guda, yi lissafi da kanka.

11/ Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi: tsaro. A yankin da zargin zama infoma kan ci rai, sakin muryar mutum da sunan ƙauyensu a intanet ba wasa ba ne. Kuma aikin haɗaka na nufin duk wanda ka gayyata yana iya jin ɗanyen sautin. Ka san wa kake gayyata.

12/ Shawarata:
• Fara naɗa a wayarka ba tare da intanet ba, daga baya ka ɗora.
• Duk aikin da ka gama, sauke shi, kowace murya daban, ka ajiye a memori biyu.
• Nemi izinin mai magana, ka faɗa masa inda za ta je.
• Cire suna da gari in akwai haɗari.

13/ Wani zai ce, mutanen da ke neman abinci ina su ina fodkas? Na ji. Amma wayar tana hannunmu, datar da muke ƙonawa a TikTok ta isa hira ɗaya a mako. In ba mu naɗa ba, wanda bai taɓa kwana a Dogon Dawa ba shi zai rubuta mana tarihi.

14/ Ku yi amfani da BandLab da 'yan uwansa, hanya ce mai kyau. Amma kayan aro ba ya rufe katara: asalin fayil ɗin ya kwana a gida. In kana da kaka ko kakan da ya san Birnin Gwari ta da, fara da shi a makon nan. Wanda ya riga ya fara, ajiye mana mahaɗa a ƙasa mu saurara 👇