Kunyar da ke ciyar da sankara

A zangonninmu, magidanci kan ɓoye miki a mazakutarsa har ga matarsa, ya ce ciwon sanyi ne, ya aika a sayo jiƙo. Muna kiran wannan kunya, alhali ganganci ne. Sankarar mazakuta ba ta da yawa, kaciyar ƙuruciya ma tana rage haɗarinta, amma ba ta kawar da shi ba. Mikin da ya yi mako 4 bai warke ba, likita za mu kai wa, ya ɗebi ɗan naman wurin a auna, domin akwai nau'inta mai saurin yaɗuwa. Idan an gano ta kafin ta kai kaluluwar matsematsi, galibi akan warke. Da ta kai, lissafi ya canza.