Ranar da laka ta zaɓi wanda zai je wasan ƙarshe

Akwai wata magana da masu shirya gasar ƙwallon ƙafa suke fakewa da ita duk sa'ilin da suka tura ƴan wasa cikin taɓo: wai ruwan sama ba ya zaɓen kai, yadda ya jiƙa wannan ƙungiya haka ya jiƙa waccan, saboda haka babu wanda aka zalunta. Maganar tana da daɗin ji, har tana kama da adalci. To ƙarya ce, kuma wasa ɗaya tak ya isa ya tona asirinta: Jamus ta Yamma da Polan, a birnin Frankfurt, ranar Laraba 3 ga Yuli 1974.

Sai mu tuna wa mai karatu yadda al'amarin yake. A gasar Kofin Duniya ta wannan shekara babu wasan kusa da na ƙarshe. An raba ƙasashe takwas da suka rage gida biyu, wadda ta zo kan gaba a kowane gida ita ce za ta je Munik ranar Lahadi 7 ga wata. Jamus, mai masaukin baƙi, ta doke Yugoslabiya da ci 2 da nema, ta doke Suwidin 4 da 2. Polan ma ta doke su duka biyun, amma da ƙaramar rata, 1 da nema da kuma 2 da 1. Ke nan canjaras ya wadatar da Jamus, Polan kuwa sai ta ci ko ta haƙura. A riƙe wannan da kyau, domin nan ne gizo ke saƙar.

Polan ɗin nan ba kanwar lasa ba ce. Ita ta ɗauki zinari a wasannin Olamfik na 1972, ita ta hana Ingila zuwa gasar da canjaras ɗin Wembley na watan Oktoba 1973, kuma tun da aka fara gasar ta buga wasa biyar ta cinye biyar, har da Ajantina da Italiya. Makamin da mai horar da ita, Kazimierz Górski, ya wasa shi ne gudu. Deyna yana tsakiya yana rarraba ƙwallo a ƙasa, Lato da Gadocha suna gefe biyu suna tsere kamar barewa ta ga mafarauci.

Sai hadari ya haɗo, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya gab da lokacin wasa. Filin Waldstadion ya koma fadama. Aka kirawo ƴan kwana-kwana da injunansu na zuƙe ruwa, ma'aikata suka yi ta tura gangunan tsotsar ruwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, duniya tana kallo a talabijin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan jinkirin kamar rabin sa'a, alƙalin wasa Erich Linemayr, mutumin Ostiriya, ya hura usur aka fara, alhali ruwa yana kwance male-male, ƙwallo in an buga ta sai ta yi taku kaɗan ta tsaya cik cikin kududdufi.

Yanzu a gaya mana, wa ruwan nan ya fi yi wa ɓarna? Duk wanda ya taɓa kora jaki da kaya cikin damina ya san laka ba ta yi wa mai sauri da mai tsayuwa hukunci ɗaya. Wanda yake buƙatar ci dole ne ya kai ƙwallo gidan abokin karawa, ya miƙa ta daga ƙafa zuwa ƙafa, ya wuce masu tsaro da gudu. Wanda canjaras ya ishe shi kuwa, abin da yake nema kawai kada komai ya faru, kuma babu abin da ya kai ruwa iya hana komai faruwa a filin ƙwallo. Kowace ƙwallo da ta maƙale cikin taɓo aiki ta yi wa Jamus kyauta. Haka kowane minti da ya salwanta ana fama da santsi. Ruwa ɗaya ne ya zuba a kan mutum 22, amma goma sha ɗaya ya kwance wa makami.

Duk da haka mutanen Polan sun kusa kai labari a kashin farko. Lato da Gadocha sun yi ta kai farmaki, Sepp Maier, mai tsaron gidan Jamus, ya yi ta kaɗe ƙwallayen da ba kowane gola ne zai taɓa su ba. Bayan an dawo hutu aka kayar da Hölzenbein, aka ba Jamus bugun daga kai sai mai tsaron gida, Uli Hoeneß ya buga, Tomaszewski ya tare. Sai a minti na 76 Bonhof ya miƙa wa Gerd Müller, shi kuwa ya yi abin da ya saba. Aka tashi 1 da nema.

Kada wani ya yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce Jamus ta saci kofi ba. Ƙungiyar da ke da Beckenbauer da Breitner da Overath da Müller, wadda ta ɗauki Kofin Turai a 1972, wadda kuma ta kayar da Holan ta su Cruyff 2 da 1 kwana huɗu bayan wannan, ba ta buƙatar sadakar kowa. Wataƙila da fili a bushe yake ma ita za ta ci. Abin da muke tuhuma shi ne an hana duniya sanin amsar. An tara ƙungiyoyi biyu da suka yi shekaru suna shiri domin a gane wadda ta fi iya ƙwallo, sai aka ba su wata jarrabawa daban, ta wanda ya fi iya tsayuwa cikin santsi.

Dokar wasa ta ba alƙali cikakken iko ya dakatar da wasa ko ya ɗage shi in fili bai dace ba, kuma gwajin ba ya buƙatar boko: a jefa ƙwallo a ga ko za ta tashi, a gara ta a ga ko za ta tafi. To me ya sa aka buga? Domin jadawali ya riga ya kafu. An sayar da tikiti, gidajen talabijin sun sayi lokacinsu, a daren nan Holan da Birazil za su kara a Dortmund, ranar Asabar a nemi na uku, ranar Lahadi a ɗaga kofi. Masu kare hukuncin suna cewa da an ɗage zuwa Alhamis, da wanda ya ci ya isa Munik da ƙarancin hutun kwana ɗaya a kan abokin karawarsa. Gaskiya ne, kuma wannan ma rashin adalci ne. Amma a ɗora su bisa sikeli: gajiyar kwana ɗaya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wasan da za a fitar da mai zuwa ƙarshen Kofin Duniya an buga shi cikin fadama. Kuma laifin wa ne da aka tsara gasa ta wata guda ba a bar ko kwana ɗaya na ko-ta-kwana ba? Manyan FIFA sun sami lokacin taruwa a wannan birni na Frankfurt a watan Yuni suka zaɓi Havelange ya gaji Stanley Rous. Tambayar abin da za a yi in sama ta kece ce ba su sami lokacinta ba.

Mai cewa son kai ne na masu goyon bayan ƙananan ƙasashe ya dubi Italiya. Ranar 14 ga Mayu 2000, ranar ƙarshe ta gasar ƙasar, Juventus tana gaban Lazio da maki biyu, ta je Perugia. Ruwa ya sauko lokacin hutu. Collina, alƙalin da duniya ke yaba wa, ya fito da laima a hannu ɗaya da ƙwallo a ɗayan yana gwada fili, aka jira sama da sa'a guda, sannan ya ce a ci gaba. Calori ya ci wa Perugia ƙwallo ɗaya, su Zidane da Del Piero suka yi ta dambe da ruwa har aka tashi, kofi ya tafi Lazio. A nan babba ne ruwa ya ci. Cutar dai ɗaya ce: dole a gama yau, ko fili ya yarda ko bai yarda ba.

Alhali ɗage wasa ba ya kashe kowa. Ranar 16 ga Oktoba 2012, a birnin Warso na Polan ɗin da kanta, ruwa ya mamaye fili kafin wasan neman zuwa Kofin Duniya da Ingila. Abin kunya ne ga masu gida, domin filin yana da rufi ba a rufe shi ba, kuma ƴan kallo da yawa sun yi asarar kuɗin jirgi da na masauki. Amma an ɗage, washegari aka buga, aka tashi 1 da 1, kuma babu wanda yake zargin laka da wannan sakamako. Hukumar ƙwallon Afirka ma, bayan ta dage sai an mayar da gasarta watannin Yuni da Yuli, tilas ta janye gasar 2023 ta Kodibuwa zuwa Janairu 2024 saboda damina.

Polan ta doke Birazil 1 da nema ranar 6 ga Yuli 1974 ta zo ta uku, Lato ya gama gasar da ƙwallo 7, ya fi kowa. Filin Frankfurt kuwa an sake gina shi domin gasar 2006, aka yi masa rufi mai buɗewa da rufewa. A watan Yuni 2005, ana tsakiyar wasan ƙarshe na Kofin Nahiyoyi tsakanin Birazil da Ajantina, hadari ya sake saukowa, rufin ya yi yoyo, ruwa ya dinga kwarara kusa da tutar kusurwa.